Ƙurar hunturu da cinikin da ke tsakanin iska da teku

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a Kano ko Maiduguri ko Damagaram ya san yadda gari ke wayewa da hazo. Ka share tsakar gida da asuba, kafin hantsi ƙura ta mayar da shi gidan jiya. Ka wanke mota ka shiga cikin gida, kafin ka fito yara sun rubuta sunansu da yatsa a jikin gilashi. Leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, mai asma ya kwana a zaune, jirgin sama ya yi ta shawagi ya kasa sauka. Ba mai yi wa wannan ƙura fatan alheri. Sai dai abin da ke sauka a kanmu wani kaso ne kawai na ayarin. Sauran wucewa yake yi, ya ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma ya faɗa sararin tekun Atilantika, kuma a can akwai masu jiran sa kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka.

Masu jiran nan wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai ne da ido ba ya gani, dangin gansakuka, masu yawo a saman ruwa. Masana na kiran su fitofilankton. Su ne ciyawar teku: ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya su ci ƙanana, har a zo kan kifin gwangwanin da ke kantin unguwa. Kusan rabin aikin da dukkan tsirran duniya ke yi na zuƙe iskar kabon dayoksaid da taimakon hasken rana, su ne ke yin sa. A wurare masu faɗin gaske na teku kuwa, abin da ke hana su yaɗo ba rashin rana ba ne, ba kuma rashin takin da muka sani ba ne. Ƙarfe ne ya yi musu ƙaranci.

Mai karatu na iya cewa ina ƙarfe ina ciyawa. Ai ko jikin ɗan'adam haka yake. Mace mai juna biyu in ta je awo ana ba ta 'yan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, kuma sinadarin ƙarfe ne a cikinsu. Abin da jiki ke buƙata ɗan kaɗan ne, amma in babu shi sai jiri da kasala. Tsiron teku ma yana buƙatar ɗan ƙarfen nan don sarrafa hasken rana da kuma narkar da takin naitirojin. Bayan ƙarfe akwai tutiya da jan ƙarfe da manganis da kobal da nikel, kowanne da aikinsa. Akwai kuma waɗanda ba su da wani amfani ga jiki sai cuta, irin su dalma da zaiba. Dukkansu yawansu a ruwan teku bai taka kara ya karya ba, shi ya sa zan riƙa kiran su burbushin sinadarai.

Don a gane ƙanƙantar abin, a ɗauki tankar mai irin mai cin lita 33,000 a cika ta da ruwan tsakiyar teku. In aka ƙafar da ruwan, gishirin da zai rage ya haura tan ɗaya, domin kowace lita na ɗauke da kusan giram 35. Amma narkakken ƙarfen da ke cikin tankar gaba ɗaya bai wuce kimanin miligiram ɗaya ba, wato bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba. A saman tekun da ke kewaye da Antatika ma bai kai haka ba ko kusa. Dalili shi ne ƙarfe ba ya zama a narke cikin ruwan da ke da iskar oksijin kuma ba shi da tsami. Nan da nan yake yin tsatsa, ya dunƙule, ya maƙale a jikin wani datti ya nutse. Koguna na kawo ƙarfe, amma yawancinsa a bakin gaɓa yake zubewa inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri. To tsakiyar teku, mai nisan dubban kilomita daga kowace ƙasa, daga ina za ta samu? Wani kaso daga ƙasan teku yake tasowa, wani daga gefen nahiyoyi, wani babban kaso kuma daga sama yake saukowa.

Inda ƙurar take tasowa

A arewacin Chadi, kudu maso yammacin garin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani katafaren tafki ne, kakan Tafkin Chadin da muka sani, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da tafkin ya janye, sai ya bar farin laka mai laushi, wanda galibinsa ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne da suka mutu suka taru shekara da shekaru. Daga arewa maso gabas kuma akwai tsaunukan Tibesti da na Ennedi, sun bar rata a tsakaninsu. Iskar hunturu in ta matso ta wannan rata sai ta ƙara ƙarfi, kamar ruwan da aka matse bakin tiyo, ta faɗa wa lakar nan ta yi sama da ita. Kusan kwana 100 a shekara haka ake yi, kuma ba a san wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura ba. Farin hazon da ke rufe Arewacin Nijeriya a Disamba da Janairu, kaso mai yawa nasa daga nan yake.

Turawan jirgin ruwa sun daɗe da sanin cewa ƙurar Afirka na bin su har tsakiyar teku. A watan Janairun 1832, Charles Darwin yana cikin jirgin Beagle kusa da tsibiran Kef Bade, ya ga wata laushin ƙura na sauka a jirgin. Ya tattara ta, daga baya ya aika wa masanin nan na Jamus, Christian Ehrenberg, wanda ya duba ta a madubin ƙara girma ya tarar da ɓawon ƙananan tsirrai na ruwan daɗi a ciki. Tun 1965 kuma ake auna ƙurar Sahara a tsibirin Babados, can ƙetaren Atilantika, aikin da Joseph Prospero na Jami'ar Miyami ya ƙarar da rayuwarsa a kai. A 2015 masanan hukumar NASA suka fitar da lissafi daga tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO: a matsakaici, tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga yammacin Sahara kowace shekara, kimanin tan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon, tan miliyan 43 na zarcewa wajen tekun Karebiyan. Sauran galibinsa a ruwa yake ƙarewa. An daɗe ana cewa Bodele ce ke ciyar da Amazon, kuma labarin na da daɗin faɗi, amma wani bincike na 2020 ya nuna yawancin ƙurar Bodele kan zube tun kafin ta kai can, kuma ta yankin El Juf da ke tsakanin Muritaniya da Mali ta fi isa. Ga teku dai duk ɗaya ne, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Faɗowar iri biyu ce. Wata ƙurar nauyinta ne ke saukar da ita sannu a hankali, wata kuma ruwan sama ne ke wanko ta. Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma a nan ne ainihin maganar take.

Ba girin-girin ba, ta yi mai

Ƙurar Sahara na ɗauke da ƙarfe kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta. In aka yi lissafi da miliyoyin tan, sai a ga kamar an yi wa teku liyafa. Amma tsiro ba ya tauna dutse. Ƙarfen da ke cikin sabuwar ƙura a ɗaure yake cikin ma'adini, kuma abin da ke narkewa daga cikinsa in ya faɗa ruwa bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Sauran nutsewa yake yi yadda ya zo. Kamar ka kai wa jariri buhun dawa ne.

Abin da ke sauya lissafin shi ne tafiyar. Ƙwayar ƙura kan yi kwana biyar zuwa mako guda tana ratsa Atilantika. A hanya tana shiga gajimare ta jiƙe, ta fito ta bushe, ta sake shiga wani. Tana gamuwa da tsamin da ke cikin iska, na farar wuta da na naitirojin, wanda ke fitowa daga hayaƙin masana'antu da jiragen ruwa da ƙunar daji, wani ma daga tekun kansa. Tsamin nan na lasar bayan ƙwayar, rana na dukan ta, har ƙarfen ya fara saki. Shi ya sa ƙurar da ta yi nisan zango, duk da ta ragu ƙwarai, kason da ke narkewa a cikinta ya fi na wadda ta faɗi kusa da gaɓar Senegal. Ƙarfen da ke cikin hayaƙin kwal da na baƙin man jirgin ruwa kuwa tun daga tushe ya fi saurin narkewa nesa ba kusa ba. Ke nan ɗan hayaƙi kaɗan na iya ba teku abin da ƙura mai yawa ba ta bayar ba.

An ga haka ƙiri-ƙiri. A watan Agustan 2008 dutsen Kasatochi da ke tsibiran Alaska ya yi aman wuta, tokarsa ta zuba a arewa maso gabashin Fasifik, cikin 'yan kwanaki taurarin ɗan'adam suka hango ruwan ya yi kore shar. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 gobarar dajin Ostareliya ta tura hayaƙi kan tekun kudu, wato wanda ke kewaye da Antatika, tsirran suka yi yaɗon da ba a saba gani ba a faɗin da ya fi ita ƙasar Ostareliyar girma.

Ko bayan ƙarfen ya narke ma da sauran rina a kaba, domin zai sake yin tsatsa cikin ɗan lokaci. Halittun teku sun san da haka. Wasu ƙwayoyin bakteriya na fitar da wani sinadari da ke cafke ƙarfen ya riƙe shi a narke har su samu su haɗiye. Kusan duk narkakken ƙarfen da ke teku a irin wannan riƙo yake. Akwai kuma wata halitta mai suna Trichodesmium, wadda ke taruwa a saman ruwa mai ɗumi kamar an watsa dusar katako. Aikinta irin na gyaɗa da wake ne a gona: tana zuƙo naitirojin daga iska ta mayar da shi taki. Wannan aiki na cin ƙarfe sosai, don haka ta fi yawa a yankin Atilantika da ƙurar Sahara ke bi. Ƙura ta kawo ƙarfe, ƙarfe ya kawo naitirojin, sauran tsirrai su ci arziki. Amma ba kullum ake kwana a gado ba: gwaje-gwajen da aka yi a Bahar Maliya sun nuna jan ƙarfen da ke cikin wata ƙurar guba ne ga wasu daga cikin tsirran.

Rabin jirgi na ƙarfe

Akwai yankuna uku na teku da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai: tekun da ke kewaye da Antatika, tsakiyar Fasifik ta gabas, da arewacin Fasifik. A dukkansu akwai takin naitirojin da fosfaras jibge a ruwa, amma tsiro kaɗan ne. Gona ce da aka zuba wa taki ta ƙi yi. John Martin, shugaban cibiyar binciken teku ta Moss Landing a Kalifoniya, ya lura cewa dukkan wuraren uku sun yi nisa da hamada, ƙura ba ta isa gare su sosai. Ya ɗebi ruwan arewacin Fasifik a kwalabe, ya ɗiga wa wasu ƙarfe ya bar wasu, cikin kwanaki waɗanda aka ɗiga wa suka cika da tsiro. Ya kuma haɗa wannan da abin da aka gani a tsohuwar ƙanƙarar Antatika: a zamanin da duniya ta yi tsananin sanyi, ƙura ta ninka sau da yawa, kabon dayoksaid kuma ya sauka zuwa wajen kashi 180 cikin miliyan, maimakon 280 na lokutan ɗumi. Sai ya ce ƙila ƙurar ce ta ciyar da tsirrai, tsirran suka zuƙe kabon suka nutse da shi. A 1988, a wata lacca a cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke Amurka, ya yi wata magana cikin raha wadda ta bi shi har kabari: a ba shi rabin jirgin dakon mai cike da ƙarfe, shi kuma zai kawo zamanin ƙanƙara.

Martin ya rasu a 1993, 'yan watanni kafin abokan aikinsa su gwada maganarsa a teku. A watan Oktoban shekarar suka zuba kusan rabin tan na narkakken ƙarfe a faɗin murabba'in kilomita 64 kusa da tsibiran Galapagos. Tsiro ya ƙaru, amma bai yi ƙarko ba. A 1995 suka sake, wannan karon suna zubawa kashi-kashi, ruwan da yake shuɗi garau ya rine ya koma kore. An ci gaba da irin wannan gwaji sau goma sha wani abu a tekuna daban-daban, kuma kusan duk sun tabbatar da rabin maganar Martin: ƙarfe ne linzamin.

Ɗaya rabin ne ya ƙi zama. Tsiro ya yaɗu daban, kabon ya nutse ya daɗe a ƙasan teku daban. A gwajin 2004 da Jamusawa suka jagoranta a tekun kudu, kaso mai yawa na tsiron ya nutse can ƙasa. A na 2009 kuwa, wanda Indiya da Jamus suka yi tare da jirgin Polarstern, ƙananan halittu ne suka taru suka cinye tsiron, kabon ɗin ya koma inda ya fito. Duk da haka 'yan kasuwa sun hango riba. A 2012 wani ɗan kasuwar Amurka, Russ George, ya jagoranci zuba kimanin tan 100 na sinadarin ƙarfe a teku kusa da tsibiran Haida Gwaii na Kanada, da sunan farfaɗo da kifi da kuma fatan sayar wa masu fitar da hayaƙi takardun shaidar rage kabon a iska. Abin ya tayar da ƙura, kuma a 2013 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince da gyaran da ya hana irin wannan in ba don binciken kimiyya mai izini ba. A ganina sun yi daidai. Takin naitirojin da fosfaras da tsiro ya cinye a tekun kudu, shi ne igiyar ruwa za ta kai wa wasu tekunan bayan shekaru. In ka cinye shi a nan, ka rage wa masuntan wata nahiya abincinsu ba da saninsu ba.

Jirgin da ke ɓata awonsa

Wani zai tambaya, in abin nan haka yake da muhimmanci, me ya sa sai a shekarun 1980 aka gano? Amsar na da ban dariya. Masu awon ne ke ɓata awon da hannunsu. Ka hau jirgin ƙarfe mai tsatsa, ka ɗaure kwalba da igiyar ƙarfe, ka jefa ta ta gefen da fenti ke ɓarewa hayaƙin inji na sauka, sannan ka ce za ka auna abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin tanka. Kusan duk alƙaluman da aka buga kafin tsakiyar shekarun 1970 kan ƙarfe da tutiya da dalma a teku sun zarce gaskiya, wasu sau goma, wasu sau ɗari. Dattin jirgi aka yi ta aunawa.

Yau wanda ya leƙa jirgin bincike zai ɗauka ɗakin tiyata ne. Igiyar da ake saukar da kwalabe ba ƙarfe a jikinta. Kwalaben roba ne da aka jiƙa cikin ruwan asid na makonni. Ana saka su cikin ruwa a rufe, sai sun wuce dattin sama suke buɗewa. In an fito da su, a lulluɓe bakinsu da leda a ruga da su cikin wani ɗaki mai tace iska, inda ma'aikata ke sanye da farar riga da hula da safar hannu. Shirin GEOTRACES na ƙasa da ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 2010, da irin wannan taka-tsantsan yake zana taswirar burbushin sinadarai a duk tekunan duniya.

Wanda ya koya wa duniya wannan tsafta shi ne Clair Patterson na jami'ar Caltech. Shekarun duniya yake nema ta hanyar auna dalma a cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama, kuma a 1956 ya fitar da shekara biliyan 4.55, lissafin da har yau ake aiki da shi. Amma dalmar da ke ko'ina a ɗakin gwajinsa ta hana shi sakat, har ya bi sawunta. Ya tarar saman teku ya fi ƙasansa dalma, alamar cewa daga sama take saukowa. Tushenta kuwa fetur ne, wanda tun 1923 ake zuba masa dalma don inji ya yi laushi. Salansar mota a Amurka da Turai ta fitar, iska ta kwasa, ruwan sama ya sauke a Atilantika. Murjanin da ke tsibirin Bamuda, wanda ke girma zobe-zobe kamar kututturen itace, ya adana tarihin: dalma ta yi ta hawa har ta kai ƙololuwa a shekarun 1970. Da aka fara janye ta daga fetur sai ta kama sauka, kuma awon da Edward Boyle na jami'ar MIT ya yi shekara da shekaru ya nuna ta ragu kusan ninki goma a saman arewacin Atilantika. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya ce ta rufe ƙofa a duniya a 2021. Tsohuwar dalmar ba ta ɓace ba, tana can tana tafiya a cikin ruwan da ya nutse ƙasa. A tekun Indiya kuma, kusa da ƙasashen da masana'antunsu ke bunƙasa yanzu, saman ruwan ne ke ɗauke da dalma mai yawa.

Zaiba ta fi dalma wuyar sha'ani, domin ita ba ta san zama wuri ɗaya ba. Tana tashi sama a matsayin tururi daga ƙona kwal, da kuma daga wajen masu haƙar zinariya da hannu, waɗanda ke cuɗa ta da garin dutse ta kama zinariyar sannan su ƙone ta ta tashi. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2015 ayyukan ɗan'adam sun saki kimanin tan 2,220 a iska, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku daga irin wannan haƙar zinariya ne, wadda ake yi a Gana da Sudan da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya da sauran ƙasashe. Tururin kan yi watanni a sama, ya zaga duniya, kafin ya sauya kama ya sauko. In ya faɗa teku, hasken rana da ƙwayoyin halitta na mayar da mafi yawansa tururi ya sake tashi. Ɗan abin da ya rage shi ne bala'in: bakteriya na mayar da shi wani nau'i mai maƙalewa a tsoka, yana taruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba, har ya fi yawa a manya irin su tuna. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa zaibar saman teku ta ninka sau uku tun fara juyin masana'antu. Yarjejeniyar Minamata, wadda ta fara aiki a 2017, ita ce yunƙurin duniya na rage ta.

Abin da teku ke mayarwa

Ciniki ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Duk wannan shige da fice ta wata 'yar siririyar fata yake bi, wadda ke saman ruwa, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, mai maiƙo-maiƙo kamar saman miya in ta huce. In teku na kwance, musayar na tafiya a hankali. In iska ta taso, igiyar ruwa ta karye, sai fatar ta yage, kumfa ta cika wuri. Mai shayi ya san wannan ilimi: in yana so ya huce da wuri, ɗaga shi yake yi sama yana juyewa daga kofi zuwa kofi. Kowace 'yar kumfa in ta fashe tana harba ɗigon ruwa sama, ɗigon ya bushe ya bar ƙwayar gishiri tana yawo, ɗauke da abin da ta kwaso daga fatar. Daga wannan gishiri sinadarin buromin ke fita, kuma shi ne kan gaba wajen sauya tururin zaiba ya zama mai saukowa. Wato teku da kanta take taimakawa wajen jawo gubar da ke faɗo mata.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin teku a Legas ko Kwatano, ko alhajin da ya leƙa gaɓar Jidda, ya san wannan ƙanshi-ƙanshi wari-wari na teku. Wani kaso nasa wata iska ce mai ɗauke da farar wuta da tsirran nan ke fitarwa, wadda masana ke taƙaita sunanta da DMS. Masanin Birtaniya James Lovelock ya auna ta a farkon shekarun 1970, kuma yanzu an san teku na sakin tan miliyan 20 zuwa 30 na farar wuta ta wannan hanya kowace shekara. A sama tana zama 'yan ƙwayoyin da tururi ke taruwa a kansu ya zama gajimare, tana kuma zama tsamin da ke narkar da ƙarfen ƙura. A 1987 Lovelock da abokansa uku suka ce ƙila ta haka tsirran teku ke daidaita zafin duniya: zafi ya ƙaru, su ƙara fitar da iskar, gajimare ya ƙaru ya yi inuwa. Tunani ne mai kyau, amma shekarun bincike sun nuna zaren bai kai ƙarfin da suka zata ba.

Sai aidin, wanda ya fi kowanne kusa da tukunyarmu. Teku ce rumbunsa. Iskar ozon, wadda wani nau'in oksijin ce, in ta taɓa saman ruwa tana gamuwa da aidin ɗin da ke narke, ta tayar da shi sama. A can shi da buromin su koma suna cin ozon ɗin. A tashar binciken iska da ke tsibirin Sao Bisente na Kef Bade, masana sun bayar da rahoto a 2008 cewa ozon na lalacewa a sararin wannan yanki da kusan kashi 50 cikin 100 fiye da yadda lissafinsu ya nuna, kuma waɗannan sinadarai biyu ne sila. Da yake hayaƙin ɗan'adam ya ƙara yawan ozon a iskar ƙasa-ƙasa, teku ma ta ƙara fitar da aidin: ƙanƙarar Girinlan da ta tsaunukan Alps sun nuna ya ninka kusan sau uku tun 1950.

Aidin ɗin da ya tashi, iska ce ke kai shi tudu, ruwan sama ya sauke shi a ƙasa, amfanin gona ya zuƙa, mutum ya ci. Iskar damina da ke taso mana daga kudu maso yamma, daga Atilantika take, ita ce ke mayar da bikin da ta hunturu ta kai. Sai dai rabon ba daidai yake ba. Wuraren da ke kan tsaunuka, da masu nisa da teku, da waɗanda ruwa ya wanke ƙasarsu, ba su cika samun isasshe ba, kuma a irin su ne aka fi ganin maƙoƙo a wuyan mutane, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta cika ba saboda uwa ta rasa aidin lokacin goyon ciki. Wani abin mamaki, gishirin da aka ƙafe daga ruwan teku shi kansa ba shi da aidin na a zo a gani. Dole sai an zuba masa a masana'anta, abin da Nijeriya ta wajabta tun 1993. In ka juya ledar gishirin da ke kicin ɗinku, za ka ga an rubuta a jiki.